Motar da Ta Kulle Alhaji da Surukarsa

Ni dai karatuna aji biyu ne, na biyun ma ban ga ƙarshensa ba. Malaminmu ya ce in dai wannan abin da ke bisa wuyana kai ne, gara a mai da shi gona ko gammo ya riƙa ɗauka. Babana ya ga shawara ce mai kyau, ya kai ni gona, gonar ma ta ƙi ni. Daga nan na faɗa gareji a Funtuwa na koyi aikin wayar mota, mu ne ake ce wa rewaya.

Sana'ar ta dace da ni, don ba a tambayar takarda. Kayan aikinka filaya, sukundireba, salatif, sai ɗan kwan fitila mai jela biyu. Ka ɗora jela ɗaya a jikin mota, ɗaya a kan waya. In ya kama, akwai wuta. In bai kama ba, babu. In kuwa hayaƙi ya tashi, sai ka juyo ka dubi mai motar ka ce, "Alhamdu lillahi, ciwon ya nuna kansa." Da wannan ilimin na ci tuwo shekara da shekaru, kuma ban taɓa ce wa kowa ban iya ba.

A farkon shekarun tamanin akwai wani Alhaji a garin, mai sayen auduga. Lorinsa tara, kaka na kamawa za ka gan su suna zirga-zirga tsakanin Danja, Kafur da Malumfashi, sun yi tozo da buhuna. Rewayan da ke duba masa su ya tsufa, ido ya tafi, har ya fara haɗa hon da fitilar birki. Duk rewayan da ke Funtuwa ya sa wa lorin nan ido, don wanda ya same su ya bar zaman gindin bishiya yana korar ƙuda. Ni ma har mafarkinsu nake yi da rana tsaka.

Alhajin nan ya sayo mota ta shiga, ruwan toka, da labule a gilasan baya. Abin da ya tara mata 'yan kallo shi ne kullenta. Direba ya murɗa makulli a ƙofarsa, sai ka ji ƙwas, ƙofa huɗu sun kulle a tare. Gilashi ma ba a wana shi da hannu, dannawa ake yi, shi ma sai makulli na jiki. Duk da wannan wayon na Bature, aka sace rikodar motar a kasuwar Malumfashi, don direba ya tafi cin ɗanwake ya manta bai murɗa komai ba.

Bayan kwana biyu Alhaji ya dawo daga Kano da kwali, ya aiko aka kira ni. Na durƙusa na gaishe shi, ya tura mini kwalin da ƙafa.

"Jiniyar ɓarayi ce. Ka taɓa sa irinta?"

"Ranka ya daɗe, ai har na gaji da sa su."

Ban taɓa ganin ko kwalinta ba.

"To ni ba kuka kawai nake so ba," in ji shi. "Kuka ai ko akuya tana yi. So nake in ɓarawo ya buɗe ya shiga, ta rufe da shi, kamar tarkon gafiya. In zo in same shi a zaune yana jira na. Za ka iya?"

"Alhaji, sai dai in ɓarawon bai zo ba."

"In ka yi, aikin lorina naka ne. In ka ɓata mini mota kuwa, ko keken jikana ba za ka sake taɓawa ba."

A cikin kwalin akwai jiniya kamar bakin kakaki, da wani ɗan baƙin akwati mai wayoyi launi-launi, da makunni, da takarda mai ninki takwas. Da la'asar na tafi teburin mai shayi da takardar a aljihu. Akwai wani abokin zamana a wurin, tsohon malamin makarantar mishan, mutumin Kafur, Kirista ne, mutum mai haƙuri da jahilci irin nawa. Ya zaro tabarau ya ce in kawo ya duba mini. Ya bi layi da yatsa, ya tsaya.

"Nan fa sun ce kada a haɗa wayar kulle da ta jiniya kai tsaye."

"Malam, wanda ya rubuta takardar nan ya taɓa ganin ɓarawon kasuwa ido da ido?"

"Bai gani ba. Amma shi ya ƙera abin."

"Shi ya ƙera, ni zan sa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi."

Ya ninke ta ya miƙo mini, ya ce Allah ya ba da sa'a, irin addu'ar da ake yi wa wanda zai tsallaka kogi da damina. A hanyar gida na sayi tsire, mai tsiren ba shi da abin naɗi, na ba shi takardar. A nan dai ta yi amfani.

Kwana uku ina kwance cikin motar nan, ƙafafuna a waje. Na ɗaure jiniya a gaba kusa da inji. Na nemo wayar fitilar rufi, wadda ke kamawa in an buɗe ƙofa, na haɗa da baƙin akwatin, don ya san an buɗe. Akwatin yana da haƙuri, yakan jira kamar ka karanta Fatiha sau biyu kafin ya saki jiniya. Sai na zo kan abin da Malam ya ce an hana. Na jawo wayar da ke kulle ƙofofi na murɗe ta da wayar da ke kai wa jiniya wuta, na naɗe da salatif har ya yi kamar kan kulki. Wato muddin akwatin na aiko wuta, 'yan sandunan kulle da ke bakin gilashi suna danne a ƙasa. Ka jawo ɗaya sama da yatsa, ta fizge ta koma.

Saura makunni, wanda ake kunna tarkon da shi, ake kuma kashewa. Na yi tunani irin na manyan injiniyoyi. Ɓarawo gaba yake shiga, gaba zai lalube. Sai na ɓoye shi a baya, ƙarƙashin kujera ta hannun dama, daidai inda dugadugan Alhaji ke sauka. Mu uku muka san wurin, ni da Alhaji da direba.

Aka yi gwaji a ƙofar gida. Direba ya zama ɓarawo, kuma ya dace da aikin. Ya buɗe, ya shiga, ya rufe. Jim kaɗan jiniya ta tsage unguwa, kaji suka watse, ƙofofi suka ce ƙwas. Ya ja sandar kulle ta ƙwace, ya sake ja ta ƙwace. Alhaji ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Sai da ya more kallo sannan ya yi wa direba alama ya tsallaka baya ya kashe.

"Injiniya!" in ji shi. "Bari mu ga mako guda. In ba ta ba ni kunya ba, ran Juma'a bayan an sauko ka zo a nuna maka lorin."

Ban jira Juma'a ba. Kafin magariba duk gareji sun ji. Na ce wa sauran rewayoyi kowa ya fara koyon gaishe ni da hannu biyu, kuma wanda ya yi ladabi zan riƙa ba shi wankin kan batir.

Abin da ya faru safiyar Juma'ar, daga bakin direba na ji shi daga baya. Matar Alhaji ta haihu, aka tura mota Tsiga a ɗauko mahaifiyarta ta zo zaman jego. Tsohuwa ce doguwa, mai ji da kanta, ba ta taɓa shiga ƙaramar mota ba. Da ta ga kujeru da shimfiɗa a ƙasa, sai ta yi abin da duk mai tarbiyya ke yi in zai shiga ɗakin mutane, ta tuɓe takalmanta. Ta zauna a kusurwar Alhaji, ta tura su ƙarƙashin kujera. Direba kuwa bakinsa ba ya hutawa. Tun daga Tsiga yake ba ta labarin motar.

"Inna, wannan da kike gani ta san ɓarawo. Mutumin kirki ya shiga, shiru. Ɓarawo ya shiga, sai ta kwarma ihu ta kulle shi. Ba ta taɓa kuskure ba."

Suka iso ana shirin masallaci. Direba ya kashe mota, ya zare makulli, ya shiga gida ya kira mata su zo su tarbe ta. Tsohuwa ta sunkuya tana laluben takalma, hannunta ya bi ta kan makunnina, ta ji wani abu ya ce ƙit, ba ta kula ba. A daidai nan Alhaji ya fito cikin babbar riga, yana sauri. Ran Juma'a gaba yake zama, don yakan bar wa dattawan unguwa baya. Labule ya rufe masa, bai san da kowa a ciki ba. Ya buɗe, ya zauna, ya ja ƙofa, yana ƙwala wa direba kira.

Aikina ya yi kyau, wannan kam ba mai musu. Motar ta yi ihu, ta kulle.

Yaran yanzu da ke cin tuwo kwano ɗaya da surukansu ba za su gane girman abin ba. Shekara ashirin Alhaji na auren 'yar matar nan, bai taɓa haɗa ido da ita ba. In ya hango ta a hanya, lungu yake shiga. Gaisuwa daga bayan zana yake yi, a tsugune, da murya kamar ta marar lafiya. Ita ma ko sunansa ba ta faɗa. Yau ga su a cikin akwati ɗaya, tsakaninsu bai fi kamu biyu ba.

Direba ya zo gareji a bayan babur, ko sallama babu, ya ce in hau. Tun daga nesa nake jin aikina. Muka tarar da ƙofar gidan ta cika. Masu tafiya masallaci duk sun tsaya da buzu a kafaɗa, yawancinsu manoma ne da suka shigo gari Juma'a daga ƙauyuka. Direba ya riga ya gwada makulli daga waje, yana murɗawa tana mayarwa.

Na leƙa. Alhaji ya miƙe wuya ya kafa ido a gilashin gaba, kamar wanda ake ɗauka hoton fasfo. Gumi na bin gemunsa. Ta tsakanin labule na hango tsohuwa ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya wa duniya baya. Na ƙwanƙwasa wa Alhaji, na nuna masa baya da yatsa, na nuna ƙasa. Ya san inda makunnin yake, ai da shi aka ɓoye. Amma kafin ya kai gare shi sai ya juya, ya tsallaka kujera, ya miƙa hannu tsakanin ƙafafun surukarsa. Ya dube ni da wutsiyar ido, kallon da har yau in na tuna sai na gyara zama.

Na shige ƙarƙashin mota da filaya. Injin da ya taho daga Tsiga bai huce ba, ya yi mini tambari a dantse. Na lalubo wayar jiniya na datse. Shiru ya sauka, jama'a suka yi kabbara. Na fito ina kakkaɓe riga ina amsa sannu, na kama ƙofa. Tana nan a kulle. Bakin jiniyar kawai na toshe, akwatin yana ciki yana ta aiko wutarsa.

Saura a cire kan batir, bonet kuwa daga ciki ake buɗe shi. Na manna baki a gilashi na yi wa Alhaji kwatancen mariƙin da zai ja, can wajen gwiwar direba. Mutumin da bai taɓa riƙe sitiyari ba, ya miƙa hannu ya kama, ya ja shi da ƙarfin da yake jan buhun auduga. Mariƙin ya taho a hannunsa. Ya ɗaga ya nuna mini.

"Alhaji, a fasa ƙaramin gilashin baya?"

"Ka watsa musu kwalba a jiki? Taɓa ka gani."

Ba ya iya ɗaga murya a gabanta, sai na manna kunne a gilashi nake jin sa. Rana ta take, motar ta zama tanda.

"Je ka gaya musu," in ji shi, "akwai wani ɗan abu ƙarƙashin kujerarsu. Su taimaka su danna."

Ta ji shi sarai, kunnenta ya fi nawa kusa da bakinsa. Amma maganar ba ta iso ba tukuna, tunda ba a aiko ta ba. Na zagaya ta bayan mota, na durƙusa a gefenta.

"Inna, sannu da hanya. Ya mutanen Tsiga?"

"Lafiya lau. Kai ne wa?"

"Ni ne mai gyara, Inna. Mai gidan ya ce a roƙe ku, akwai ɗan abu ƙarƙashin kujera, ku danna."

Ta ɗan janye mayafi, ido ɗaya ya fito.

"Koma ka ce da mai gidan, ban taɓa kayan kowa ba, ba kuma yau zan fara ba. Mi na ɗauka? Daddawata ce da man shanuna, ga su nan, a zo a kwance a duba."

"Haba Inna, wa ya ce kun ɗauki wani abu?"

"Motar ta ce. Yaron nan direba ya gaya mini ba ta kuka sai da ɓarawo. Ga shi ta tara mini garin Funtuwa. Shekarata saba'in ko allura ba a taɓa nema a ɗakina ba."

Na zagayo na kai wa Alhaji saƙon da ya riga ya ji. Ya ce a ce su yi haƙuri. Na koma. Ta ce haƙuri ba ya wanke suna. Na dawo. Haka na yi ta kewaya motar nan kamar jakin da aka ɗaure a turke, jama'a na buɗa mini hanya, wasu har suna taya ni riƙe saƙo kada ya zube. Matan gida sun cika zaure suna leƙe. Na ga lorina tara suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, sai na ce bari in sayo su da gaskiya, abin da ban saba ciniki da shi ba.

"Inna, wallahi laifina ne. Ni na haɗa wayar ba daidai ba. Motar ba ta san kowa ba, ƙarfe ce."

"Kana ciki da ta yi kukan?"

"A'a."

"To mu biyu ne a ciki. In ba da ni take ba, a faɗi da wanda take. Kuma waɗanda suka ji ihun su ji amsar."

Wannan saƙon ban kai shi ba, tsayawa kawai na yi a gefen Alhaji. Daga masallaci aka fara kiran salla na biyu. Rigarsa ta jiƙe ta manne, numfashin tsohuwa kuma ya fara fita da ƙyar, shi ma yana ji. Sannan ya motsa leɓe, na manna kunne.

"Ce musu da ni take."

"Da kai take me, Alhaji?"

"Ka san abin da nake nufi, ɗan banza. Je ka faɗa."

Akwai hanya goma ta faɗin maganar nan. Ina iya cewa motar ba ta gane mai ita ba ne yau. Ina iya cewa Alhaji ya ɗauki laifin. Duk sun zo mini, amma bayan kwana biyu, ina kwance. A lokacin dai ga taro, ga ni a tsakiya, kowa ya zuba mini ido, abin da ban taɓa samu ba tun da aka haife ni. Na gyara murya kamar sanƙira.

"Jama'a ku shaida! Alhaji ya ce shi ne ɓarawon!"

Sai wani tsoho daga baya, manomin Danja, ya ce a hankali, amma kowa ya ji, "Ikon Allah. Shekara nawa sikeli na rufa masa asiri, yau mota ta tona."

Ban taɓa jin dariya irin wannan ba. Mutanen da duk kaka suke tsayawa suna kallon yaran Alhaji na auna audugarsu, suna haɗiye magana, yau sun samu an faɗa musu a kyauta, kuma da izinin mai ita. Wani ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Wani ya ce a kai motar kasuwar auduga a ajiye ta kusa da sikeli.

Ana cikin haka muka ji ƙwas. Tsohuwa ko sunkuyawa ba ta yi ba, da babban yatsan ƙafa ta danna, kuma ba ta yi lalube ba. Ta buɗe ƙofa da kanta, ta ɗauki takalmanta a hannu, ta ratsa taron ta shige gida, kai a sama. Alhaji ya fito ta ɗaya gefen, ya ajiye mariƙin bonet a kan rufin mota, ya kama hanyar masallaci a ƙasa. Ba wanda ya bi kusa da shi.

Mai hankali da ya bar garin kwana biyu. Ni bayan an sauko na koma ƙofar gidan, tunda an ce in zo. Na same shi a zaure ya canza riga, yana shan fura. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi.

"Injiniya, ka zo."

"Na zo, ranka ya daɗe. Ai ka ga dai ta kama."

"Ta kama. Waya nawa ka sa a motar nan?"

"Ba su fi bakwai ba."

"Je ka cire su, ka mayar a kwali. Ka gyara mini abin bonet. In ka gama ka bi ta ƙofar baya."

Na tsaya ina murza hula. "To, maganar lori fa, Alhaji?"

Ya ajiye ludayi. "Na ba wani, ɗan Malumfashi. An ce bai kai ka iya aiki ba. Amma na tambaya, an tabbatar mini sai ya wuni bai ce uffan ba."

Na cire wayoyina bakwai, har da ta takwas da ban tuna na sa ba. A gareji kuwa an gaishe ni da hannu biyu kamar yadda na nema, har da masu durƙusawa, suna tambaya ko akwai kan batir da za a wanke.

Kakar nan lorin suka yi ta wucewa ta gaban gareji, ina zaune ina gyaran hon ɗin babura. Manoma dai sun riƙe ni da daraja. Duk wanda ya shigo gari sai ya biyo ya ce in maimaita masa yadda na faɗa, da irin muryar. Tsohon nan na Danja har ɗaurin rake ya kawo mini a bayan keke. Na zauna a gindin bishiya na shanye shi ni kaɗai, ban ba kowa ko gaɓa ɗaya ba.